Firjin Baba Direba

Zuwa ga Ɗan Waya,

Takarda daga hannun goggonka Malama, in ba ka manta kana da wata goggo ba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da aiki, da zaman daji. Mu nan lafiya muke, sai ciwon gwiwa da ba ya bari in manta shekaruna. Maigidana, babanku Direba, shi ma yana nan lafiya.

Na nemi lambarka wurin innarka, ta ce ko na kira wahalar banza zan yi, wai inda kamfanin ma'adinai ya kai ku babu sabis, sai dai a ba motar da ke kai muku kayan abinci takarda duk mako biyu. Na ce to, ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina koya wa yara rubutun wasiƙa, bari in ga ko hannun yana nan. Kada ka ce zumuncin ya yi nisa. Kakanka da ubana wa da ƙane ne, kuma ni na ƙwace ka a hannun mahaifinka ranar da ka kwance masa rediyo kana ɗan shekara bakwai. Tun ranar wannan suna ya bi ka, ga shi yau lantarki ne abincinka.

Ga abin da ya kawo ni. Tun da babanku ya ajiye tuƙin babbar mota ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce shekara arba'in yana kan hanya bai taɓa tsayawa ya kalli komai ba, kullum kayan wani a bayansa, mai kaya na jira. Sai ya samo wata tsohuwar bas, ya cire kujerun baya, ya sa gado da kabad da wani ɗan tebur mai naɗewa wanda ya riga ya matse mini yatsa sau biyu. Wata takwas yana fama da ita a ƙofar gida. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji, yanzu zuwa suke a buɗe musu su leƙa. Nufinsa mu je wurin Autarmu da mijinta. Tafiyar kwana biyu ce, amma shi so yake mu yi ta a mako uku, muna yada zango duk inda ya yi mana.

Ya ɗora farantan sola biyu a kan rufi, kowanne an rubuta masa ɗari da hamsin, da batir ɗaya mai nauyin tsiya da aka rubuta wa ɗari biyu. Na tambaye shi ko zai ishe mu, ya ce mai shagon ya rantse zai isa. Ka san babanku. Injin mota ko da kunne ya saurara zai gaya maka ciwonsa, amma wuta da ido yake auna ta. Ni kuwa ba zan rufe gidana in shiga daji da rantsuwar mai shago ba.

Na sa tabarau na bi kayan ɗaya bayan ɗaya na kwafe abin da ke jikinsu. Ƙwan fitila huɗu, kowanne wat biyar. Fanka, wat ashirin. Ƙaramar talabijin tasa ta labarai da ƙwallo, wat talatin. Wayoyinmu biyu. Butar shayi ta lantarki da Auta ta aiko, wat dubu. Sai ɗan firji, wat arba'in da biyar, don ruwan sanyi.

Ka duba mana, batir ɗaya zai isa ko a ƙara. Ka rubuta yadda tsohuwa za ta gane. Allah ya tsare ka da wayoyin nan naka.

Goggonka Malama

*

Zuwa ga Goggo Malama,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba Direba. Ya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya ƙalau, sai zafi da ƙarar janareta. Na karanta takardarki a bakin ɗakin injin har abokan aiki suka tambaye ni dariyar me nake yi. Ban manta rediyon ba, Goggo, kuma har yau ina nan a kan bakana, da an bar ni da na mayar da ita.

Yau ni ne da alli, ke ce a kan benci. Lissafin kansa ɗan aji huɗu zai yi shi. Kowane kaya, ki ninka wat ɗinsa da yawan awannin da zai yi a kunne. Ƙwai huɗu wat ashirin ke nan, awa huɗu, tamanin. Fanka awa takwas, ɗari da sittin. Talabijin awa uku, casa'in, in Baba ya yarda da awa uku. Wayoyi, ki sa ashirin. Firji ba ya aiki ko da yaushe, yana kamawa yana saki, ki ɗauka rabin yini da dare yake yi, awa sha biyu, ɗari biyar da arba'in. Duka ya kama ɗari takwas da casa'in, mu ce ɗari tara. Butar Auta kuwa ki yi mata godiya ki bar ta a gida. Minti sha biyar ɗinta ya fi fanka da fitilu a haɗe. A dafa shayi a kan gas.

Sai ki raba ɗari tara da sha biyu, domin ƙarfin batirinku bolt sha biyu ne. Ya ba ki saba'in da biyar. Wannan shi ne abin da za ku sha a cikinsa kullum, amfiya ake ce masa. An rubuta wa batirin ɗari biyu, amma irinsa ba a shan fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ɗari ke nan a hannunku. Ki riƙa duba 'yar mitar da ke kusa da shi da safe kafin rana ta hau. In ta nuna 12.7 a cike yake, in ta sauko 12.1 an kai rabi, sai a tsaya.

Farantan kuwa, in rana ta fito sosai za su mayar muku da kamar dubu ɗaya a yini, sun rufe ɗari tara har da ragi. Matsalar ranar hadari ce, da ƙyar su ba da kashi ɗaya cikin huɗu. A nan ne mutane ke sayen batir na biyu. Amma ku ba sai kun ƙara wa bas nauyi ba. Fiye da rabin wutarku firji ne ke cinyewa, kuma ruwa ne kawai a cikinsa. In hadari ya haɗu, shi za ku fara kashewa. Ruwan ɗumi bai taɓa kashe kowa ba. Ba tare da shi ba batirin zai kai ku kwana uku da fankarku da ƙwallon Baba.

Ana iya haɗa batirin da injin mota ya riƙa caji in ana tafiya, amma kada Baba ya ba kowane bakanike wannan aikin, in an yi kuskure batirin tayar da motar ne zai zuƙe. A bar mini shi sai na zo hutu.

A taƙaice batir ɗaya ya isa. Mai shagon ya yi sa'a, rantsuwarsa ta faɗa daidai. Allah ya kai ku lafiya.

Ɗanki, Ɗan Waya

*

Ɗan Waya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Gwiwa da sauƙi. Takardarka ta iso, Allah ya yi maka albarka. Babanku ya sa na karanta masa wurin da ka ce batir ɗaya ya isa har sau biyu, sannan ya ɗauki hula ya fita ya gaya wa duk wanda ya taɓa yi masa dariya. Na sake lissafinka a bayan kalanda, ban kama ka da kuskure ba, na so in kama. Buta ta koma cikin kwalinta.

Tambaya biyu gare ni, kuma tambaya ce kawai. In an kashe firji, awa nawa yake ɗauka kafin cikinsa ya yi ɗumi? In kuma shi kaɗai aka bari a kunne aka kashe komai, kwana nawa batirin zai kai?

Babanku ya matsu, ya ce Asabar mai zuwa za mu tashi kafin ruwa ya zauna. In amsarka ba ta riske mu a gida ba, ka aika gidan Auta, can za mu ƙare. Ka sa sunana a baya, ni kaɗai.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaishe ki. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ku ku biyu lafiya, domin tun jiya ban iya cin abinci ba.

Motar kayanmu ta lalace tun a gari, sai jiya ta iso bayan kusan mako huɗu. Takarda biyu ta kawo mini, taki da ta Inna. Taki na fara buɗewa. Da na ga tambayarki dariya na yi, na ce tsofaffin nan da son ruwan sanyi. Sai na buɗe ta Inna. Ta ce ta je asibiti awon hawan jini kwanakin baya, ta hango Baba Direba yana fitowa daga ɓangaren masu ciwon suga da 'yar kula a hannu, irin wadda ake ba masu allura, da ya gan ta sai ya juya kai ya bi wata ƙofa. Ta kuma ce Auta ta kira ta hankali a tashe, kwana uku wayoyinku duka a kashe.

Na koma na sake karanta tambayarki. Goggo, allurar Baba ce a cikin firjin nan, ko ba haka ba? Ni kuma da hannuna na rubuta muku ku fara kashe shi. Har da cewa ruwan ɗumi bai taɓa kashe kowa ba. Tun jiya wannan layin nake gani ko ina na duba.

Ga amsar, ko da ta makara. Kada a kashe shi. Bas a rufe cikin zafi, awa uku zuwa huɗu cikinsa ya yi ɗumi, kuma irin wannan allura in zafi ya taɓa ta ƙarfinta raguwa yake ba tare da ido ya gani ba. Shi kaɗai yana shan arba'in da biyar kullum, in ana zafi sosai har sittin. Kwana biyu ke nan in babu rana ko kaɗan. A kashe komai a bar shi. In mita ta kai 12.1, a ci gaba, batir ya mutu ba komai. Da na sani da batir biyu zan ce, da kuma na nemi izini na zo na haɗa muku injin kafin ku tashi.

Ban ce kin yi laifi ba, na san akwai dalili. Amma mai lissafi da abin da aka ba shi yake aiki, Goggo. Na roƙi wani mai awon ƙasa da zai fita gobe ya kai wannan takarda tasha da hannunsa, na kuma nemi hutu. Don Allah ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Ɗanki

*

Zuwa ga ɗana Ɗan Waya,

Ka ci abinci. Wannan shi ne layi ɗayan da ka nema, sauran ƙari ne. Muna gidan Auta yau kwana shida, ni lafiya, babanku lafiya, allurarsa lafiya. Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri.

Ka canka daidai. Wata biyar ke nan da likita ya ɗora shi a kan allura, safe da yamma, ya ce kada ta yi zafi kada kuma ta daskare. Babanku ya sa na yi masa alkawari ba mai ji, ko 'ya'yansa. Tsoronsa ɗaya, su taru su karɓe makullin bas su zaunar da shi a kan kujera a tsakar gida. Ranar da nake rubuta maka takardar farko yana tsaye a kaina. Da na zo kan firji ya ce in sa ruwan sanyi. Na sa, ina jin kunyar alƙalamina. Ban yi maka ƙarya ba, akwai ruwa a ciki, amma ni da kaina da yaro ya kawo mini irin wannan gaskiyar a aji da ya sha bulala.

Mako biyu na farko ba abin da za a ce sai godiya. Rana kullum, mita na nuna mana fuska mai kyau. Na ga babanku ya tsayar da mota don kawai ya kalli wasu tsuntsaye a kan gada, mutumin da ko fitsari ba ya tsayawa yi da can. Sai muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar laka zuwa bakin wani tafki da ya ce shekara talatin yana hango shi daga sama. Nufinmu kwana ɗaya. Da safe muka tashi sama ta rufe ruf, ruwa ya sauko, hanyar da muka shigo ta zama kunu. Babanku ya je ya taka ta da ƙafa ya dawo ya ce ko babbar mota ba ta fita. Sabis kuma babu.

Amsarka ba ta zo ba, amma ka riga ka ba ni allin. Na ɗauko littafi na zauna gaban firji da agogo awa guda cur, ina sauraron lokacin da yake kamawa da lokacin da yake saki. Saboda sanyin ruwan sama minti ashirin da biyar yake yi a awa, awa goma ke nan a yini da dare. Sau arba'in da biyar, ɗari huɗu da hamsin. Raba da sha biyu, talatin da bakwai da rabi. Ka ce ranar hadari faranti na ba da kashi ɗaya cikin huɗu na dubun nan, na raba da sha biyu, na ce ashirin ke nan. Giɓin sha takwas kullum. Na ƙiyasta mun riga mun sha talatin cikin ɗarinmu tun jiyan, saura saba'in. Kwana huɗu ba kaɗan, in ba a kunna ko ƙwai ɗaya ba. Na kashe wayoyi, na naɗe wayar fanka, na cika firjin da gorunan ruwa don su riƙe sanyi, na ce ba mai buɗe shi sai lokacin allura.

Rana ta biyu ne muka yi faɗa da babanku. Akwai ƙwallon da ya yi mako yana jira. Ya ɗauko takardarka daga aljihun mota ya nuna mini da yatsa, wai ai injiniya da kansa ya ce a kashe firji, awa biyu ba za ta yi komai ba. Na daɗe ban ji raina ya ɓaci haka ba. Na ce masa, “Yaron nan lissafin ruwan sanyi ya yi, domin ruwan sanyi ka sa na rubuta masa.” Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tashi ya cire wayar talabijin ya tura ta ƙarƙashin gado, ya bi ƙwayayen fitila huɗu ya kwance su ya zuba a aljihu, wai kada hannunsa ya manta.

Haka muka zauna. Shayi a kan gas, hira, da kallon ruwa yana sauka a kan tafki. Na ji labaran hanya da ban taɓa ji ba a shekara talatin da takwas na aure, wasu ma da bai faɗa ba da ya fi. Kullum da safe in duba mita in rubuta. 12.4, 12.3, 12.2. Safiyar rana ta biyar ta nuna 12.1, sama kuma tana nan yadda take. Ban san ka yarda a wuce nan ba, amma na riga na yanke a raina batir ya mutu in zai mutu. Ba zan ɓoye maka ba, na tsorata, na shiga bayan bas na yi kukana na wanke fuska.

Wajen azahar gari ya fara washewa. Kafin in ankara tsohon nan ya taka tsani ya hau rufi yana goge faranti da hannun rigarsa, ina ƙasa ina yi masa faɗa. Da la'asar mita ta fara hawa. Ban taɓa tsammanin zan so wata lamba kamar yadda na so 12.5 ba. Kwana biyu bayan nan hanya ta bushe muka fita.

Da muka iso, kafin ya ko zauna ya kira Auta da mijinta ya gaya musu da bakinsa. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kai shi asibiti washegari da kwalaben allurar duka. Aka auna shi, likita ya ce sugansa daidai, allurar na aiki. Makullin bas kuwa yana aljihunsa har yanzu. Sharaɗinta ɗaya, ba za mu juya ba sai ka zo ka ƙara batir ka haɗa injin. Ka ga hutunka ya samu aiki.

Takardarka ta iso shekaranjiya. Na so in karanta ni kaɗai, ya ce in karanta a fili. Da na zo inda ka ce da hannunka ka rubuta mu kashe, ya ce in dakata. Ya fita ya zagaya bas ya dawo. Yanzu ga shi a kaina kuma, amma wannan karon alƙalamin yake nema. Ka yi haƙuri da rubutunsa, ba ni na koya masa ba.

Goggonka Malama

Ɗan Waya, ni ne babanku. Ba laifinka. Ni na ɓoye rabin kaya na ce ka auna mini mota. Ga sabon lissafi, ka fara da wannan. Firji, wat arba'in da biyar, allurata ce a ciki, ba a kashe shi. Sauran ka yanke yadda ka ga dama. In akwai ragi a bar mini talabijin awa ɗaya.